Amsar Kawu kan azumi bayan dashen ƙoda

Ɗana, saƙonka ya iso. Kana tambaya ko za ka ɗauki azumi bana, ka raba dare ana hira har sahur kamar yadda gidanmu ya saba, alhali ba ka cika shekara da dashen ƙoda ba. Ka ce kunya kake ji a gan ka da kofi da rana tsaka.

Ajiye kunyar nan. Tun muna yara, mara lafiya a gidan nan ɗaki ake kai masa kokonsa, ba mai ce masa uffan. Aya ta 184 da ta 185 a Suratul Baƙara sun yi masa rangwame ya rama in ya warware.

Abin da ya fi damuna shi ne lokutan jikinka. Akwai sinadarin da likitoci ke kira kotisol, wasu 'yan tsoka biyu da ke zaune a kan ƙoda ke fitar da shi. Yana fara hawa kafin asuba, ya kai ƙololuwarsa da sassafe, ya yi ƙasa sosai da tsakar dare. Shi ya sa aka ce ka sha prednisolone, maganin nan mai kama da kotisol, da safe, ya bi sawun na jikinka. Ka mai da shi buɗa-baki, barci ya gagare ka. Kuma jikin da ya daɗe yana shansa yakan rage yin nasa, don haka tsallake shi haɗari ne babba. Tacrolimus ɗinka kuwa, maganin da ke hana jikinka ƙin sabuwar ƙodar, awa 12 ne tsakani, azuminmu a Kano ya haura awa 12, ga zafi, ga ƙoda guda da ba ta son ƙishirwa.

Daren ma haka. Jinin mai lafiya yakan sauka in ya yi barci, amma da yawa cikin waɗanda aka yi wa dashe nasu ba ya sauka, ga yawan tashi fitsari. Ka ƙara kwanan zaune a kai? A'a, ɗana. Ka yi ashamka, ka dawo ka kwanta.

Likitoci galibi ba sa yarda a yi azumi a shekarar farko. Baɗi, tun a Sha'aban ka je asibiti a auna jininka, su za su tsara maka lokutan magani in sun yarda. Kada wani ya ba ka jiƙo ko sassaƙe ka karɓa don kara, ko da ni ne.

Ka gaishe da ƙanwarka da ta ba ka ƙodar. Ita ma ta ga likita kafin wata ya kama.