Tan guda na dutse, ina sauran ya tafi?

Tambaya: Ina sayen dutsen farar ƙasa, in ƙona shi in sayar. Duk tan ɗaya da na zuba a tanderu, abin da nake kwashewa da kyar yake kai kilo 600. Na fara zargin yaran da ke yi mini aiki. Mene ne abin yi?

Amsa: Alhaji, don Allah kada ka sallami kowa tukuna. Yadda ka bayyana abin nan, wuta ce ta ci rabonta, kuma rabon nata sananne ne, ana lissafa shi tun kafin a hura ta.

Masana sinadarai suna da wani ma'auni da suke kira mol. Kamar yadda dozin yake nufin sha biyu, mol yana nufin ƙwayoyi 6.022 × 10²³. Amfaninsa shi ne kowane sinadari an san nauyin mol ɗinsa: kalsiyam giram 40, kabon 12, oksijin 16. Dutsenka, wato CaCO₃, kalsiyam ɗaya ne da kabon ɗaya da oksijin uku, ka ga 40 da 12 da 48 sun tashi giram 100 cif. Idan zafi ya kai wajen digiri 900, kowane mol na dutse yana rabuwa biyu: mol ɗaya na ƙonanniyar farar ƙasa, CaO, mai giram 56, da mol ɗaya na iskar CO₂, mai giram 44, wadda ke bin hayaƙi.

To ɗauko tan ɗinka. Giram miliyan ɗaya ne. Raba shi da 100, ka sami mol 10,000. Ninka da 56, ka sami giram 560,000, wato kilo 560. Sauran kilo 440 iska ce, babu hannun da ya taɓa ta. In kuma kashi 10 cikin ɗari na dutsen yashi ne da laka, farar ƙasa ta ainihi kilo 504 ce, sai dattin kilo 100 ya biyo ta kan sikeli, ka ga kusan 600 ɗin da kake gani.

Abin da ya fi damuna shi ne ranar da nauyin zai haura, a ce 700, ka yi ta murna. Ɗauki dunƙule ɗaya ka fasa. In ka tarar da tsakiyarsa da tauri, launinsa na ɗanyen dutse, wuta ba ta ratsa ba, kuma mai saye zai gane da zarar ya zuba ruwa ya ga tsakuwa ta kwanta a ƙasan bokiti. Irin wannan ke korar abokin ciniki.

Wajen yanka farashi, kowane kilo na kayanka ya cinye kusan kilo 1.8 na dutse. Saboda haka kuɗin dutse da na makamashi da na ma'aikata, a kan 560 za ka raba su, ba a kan 1,000 ba. Ka kuma duba kuɗin mota: kusan rabin lodin da kake biya wa haya hayaƙi zai zama, don haka ƙonawa kusa da inda ake fasa dutsen ta fi sauƙi in da hali.

Idan masu sayen kayanka jiƙaƙƙiyar farar ƙasa suke so, lissafin ya juyo wajenka. Mol na CaO yana shan mol na ruwa, giram 18, ya koma 74, wato kilo 560 ya zama 740. Sai dai jiƙawar tana fitar da zafi mai tsanani, ka saya wa yaran safar hannu da tabarau kafin su fara.