Kasuwar Kirsimeti ta Baden-Baden: yini ɗaya ya isa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina karatu a Frankfurt, maiɗakina da yara sun zo mini hutu. Ina so in kai su kasuwar Kirsimeti ta Baden-Baden mu dawo a ranar. Zai yiwu? Me ya kamata mu sani?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Zai yiwu sarai. Jirgin ƙasa na ICE yakan ɗauki kamar awa ɗaya da rabi daga Frankfurt, amma tikitin wata na Deutschlandticket ba ya aiki a cikinsa.

Inda baƙi suka fi ruɗewa shi ne tasha. Ba a tsakiyar gari take ba, tana unguwar Oos, wajen kilomita 5. Ku hau bas mai lamba 201 zuwa dandalin Leopoldsplatz, daga nan 'yar tafiya ce da ƙafa zuwa gaban Kurhaus, babban ginin taro da shaƙatawa na garin, inda kasuwar ke ci daga ƙarshen Nuwamba.

Kada ku yi sammako. Kyawun wurin a fitilunsa yake, kuma a Disamba rana na faɗuwa tun wajen ƙarfe 4:30. Ku isa da azahar, ku taka titin Lichtentaler Allee a bakin rafin Oos, ku leƙa zane-zanen bangon Trinkhalle, tsohon zauren shan ruwan maɓuɓɓuga, sannan ku shiga kasuwa da magariba. A rufe yara da kyau, da hula da safar hannu, don tsayuwa cikin sanyin ta fi tafiya wuya.

A sa ido kan abinci. Glühwein da za ka ga kowa riƙe da shi giya ce mai zafi. Ku nemi Kinderpunsch, wanda ba barasa. Bratwurst, wato gasasshen sosej, galibi naman alade ne, haka ma ɗan naman da ake barbaɗawa kan Flammkuchen, wani gashi mai kama da pizza. Ni na fi son gasasshen almon mai sukari da Kartoffelpuffer, wainar dankalin turawa, amma a tambayi man da aka soya ta. Za a karɓi kuɗin ajiya na kofin da aka zuba maka abin sha, wato Pfand, a mayar maka in ka dawo da shi. Ka riƙe tsabar kuɗi, ba kowace rumfa ke karɓar kati ba.

Garin ya yi suna ne da maɓuɓɓugan ruwan zafi, har UNESCO ta sa shi a jerinta na wuraren tarihi na duniya a 2021. Sai dai ka sani, al'adar gidan wanka na Friedrichsbad, wanda aka buɗe a 1877, wanka ba tufafi ce. Da iyali, ku tsaya ga kallon ginin daga waje.