Amsa: kwamfutar tebur da ke daskarewa lokaci-lokaci

Malam, ka ce takan tsaya cak na ɗan lokaci sannan ta sake, musamman da rana. A Maradi, fara zargin zafi da ƙura. Sa HWMonitor, manhajar da ke nuna zafin sassan kwamfuta, ka duba. Idan farosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, na haura digiri 90, kashe ta, zare waya, buɗe akwatin, hure fanka da ƙarfen sanyayawa. Man da ke tsakanin farosesa da ƙarfen yakan bushe bayan 'yan shekaru. Goge shi, ɗiga sabo kamar ƙwayar wake, kada ka cika.

Idan zafi lafiya lau, sai faifan ajiya. Manhajar CrystalDiskInfo za ta nuna lafiyarsa. Launin rawaya na nufin wasu sassa sun fara mutuwa, kwashe fayilolinka yau, ka sa SSD, wato faifan ajiya na zamani. Daskarewar da ke sakewa da kanta, sau da yawa daga faifan take.

RAM kuwa, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, bar guda ɗaya a ciki, gwada da manhajar MemTest86 zagaye 4, sannan ka musanya. Kuskure ko ɗaya ya isa ya nuna akwai matsala.

Idan tana tsayawa sa'ad da wuta ta yi ƙasa, ko an koma janareta, nemi regilata mai daidaita ƙarfin wuta kafin ka sauya akwatin wutar ciki.