An ba ni takardar tuhuma, shugaban ƙungiya ya ce kar in amsa

Tambaya: Barista, ni ma'aikacin gwamnatin tarayya ne a nan Zariya. Bayan yajin aikin da ƙungiyarmu ta yi, an ba mu takardar tuhuma cewa mun bar aiki ba da izini ba, an kuma riƙe albashinmu. Shugaban reshenmu ya ce kada kowa ya amsa, wai za a kai magana gaban kwamitin sasanci a Abuja. Yau wata biyu shiru, ga iyali ga kuɗin haya. Kar dai korata za a yi?

Amsa: Malam, Allah ya kawo mafita. Amma ka ɗauki biro yau ɗin nan ka amsa takardar, ka ba da haƙurin jinkiri, ka kai da hannunka, a buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafinka.

Wannan magana ta "ƙungiya na kai" ita ce ta fi jefa ma'aikata cikin rami, kuma kullum sai na ji ta. Sunan wa aka rubuta a saman takardar? Naka, da lambar fayil ɗinka. Ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya awa 72 suka ba ka, kuma barin aiki ba izini yana cikin manyan laifukan da ke kai mutum ga kora. Ranar da kwamitin ladabtarwa zai zauna, fayil za su buɗe. In babu amsarka a ciki, sai su rubuta cewa an ba ka damar kare kai ka ƙi. Daga nan hujjar da lauya ya fi dogara da ita a kotu, wato ba a saurare ka ba, kai da kanka ka zubar da ita. Shi kuwa shugaban reshen da ya tsaya a bakin get yana ɗaga murya, ka tambaye shi ko ya amsa tasa. Wani ma tun daren farko ya miƙa. Amsawa ba cin amanar ƙungiya ba ne: layi kaɗan ne, ka ce ka bi umarnin yajin aiki, ka haɗa da kwafin sanarwar.

Kwamitin sasancin nan, IAP, ba wurin da mutum ɗaya ke kai kuka ba ne. A dokar rikicin ma'aikata ta 1976, sai an gwada sulhu a cikin gida, in ya ci tura a sanar da Ministan Ƙwadago, ya naɗa mai shiga tsakani, in shi ma ya gaza sannan ministan ya tura magana can. Rikicin ƙungiya da gwamnati suke dubawa. To ka ce a nuna maka wasiƙar da aka aika wa minista.

Batun albashi kuwa, sashe na 43 na dokar ya ce babu biya a kwanakin yaji. Malaman ABU sun gani a 2022, bayan wata takwas na yajin ASUU. Irin wannan kuɗi a teburin sulhu ake karɓo shi, nan ne ƙungiya ke da amfani. Amma in an ci gaba da riƙe maka bayan ka koma aiki, wannan haƙƙinka ne, rubuta koke daban.

In aka dakatar da kai ko aka kore ka, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa za ka nufa, tana zama a Kaduna, kuma tun gyaran tsarin mulki na 2010 ita ke da hurumin shari'ar aiki. Kada ka yi sanya, domin lauyoyin gwamnati kan kafa hujja da dokar da ta ba da wata 3 kacal a kai ƙarar jami'in gwamnati. Duk wanda ya ce ka kawo wani abu ya san mutum a hedikwata da zai ɓatar da takardar, riƙe kuɗinka ka biya haya.