Kisa da turmi: amsa ga masu kallon dambe

Wani ɗalibi daga Samaru ya rubuto mini cewa shi da abokansa sun yi ta maimaita kallon damben Muhammad Ali da George Foreman a waya, har gardama ta kaure tsakaninsu: shin daidai ne a ce Ali ya "kashe" Foreman, kamar yadda ake faɗa a dambenmu na gargajiya?

Ɗana, daidai ne, amma akwai sharaɗi. A bakin 'yan dambe, kisa ba ɗaukar rai ba ne. In ka kai wa abokin karawarka naushi ya faɗi, ko da gwiwa ce ta taɓa ƙasa ko hannu ya dafa, to ka kashe shi, wasa ya ƙare. Hausa ta daɗe da wannan amfani: mukan kashe wuta, mu kashe aure, mu kashe magana. Duk abu ne da aka kai shi ƙarshensa. A Kinshasa, ranar 30 ga Oktoba 1974, Foreman ya faɗi a turmi (wato zagaye) na 8, alƙalin wasa ya ƙirga, bai miƙe a kan lokaci ba. Wannan kisa ne, babu ja.

Sharaɗin shi ne, a damben zamani ba kowace faɗuwa ce kisa ba. Dubi karawar Anthony Joshua da Wladimir Klitschko a Wembley ta Landan, a Afrilun 2017. Joshua ya kai Klitschko ƙasa a turmi na 5. Da a filin dambenmu ne, da tuni makaɗa sun ɗauki kalangu ana kirari. Amma Klitschko ya tashi, shi ma ya kayar da Joshua a turmi na 6, sai a na 11 Joshua ya gama da shi. Nan "kayarwa" za ka ce har zuwa ƙarshe. Ina ganin wannan ne ma ya sa kallon ya bambanta: a namu, mutum kan mayar da hoton baya ne don ya ga naushi ɗayan nan da ya yanke hukunci, a nasu kuwa abin da ya biyo bayan faɗuwa shi ke riƙe ido.

Wani malamin makaranta daga Tudun Wada ya tambayi "turmi". Malam, kalmar na da 'ya'ya: turmin daka, turmin atamfa, turamen baki, sannan zagaye ɗaya na dambe. Shi ya sa kake jin "sun yi turmi uku babu kisa", wato canjaras, aka raba su. Raina yakan ɓaci in na ji matasanmu sun bar wannan kalma mai kyau sun ari ta Turanci.

Ɗalibin Samaru ya kuma nemi karin maganar da ta dace da wasan Kinshasa. Abokinsa ya kawo "gaba da gabanta, aljani ya taka wuta". Ba laifi, sai dai wannan tana nufin mai ƙarfi ya gamu da wanda ya fi shi ƙarfi, alhali Ali bai fi Foreman ƙarfin naushi ba. Foreman na da shekara 25, ya yi wasa 40 ba a taɓa doke shi ba, Ali kuwa 32. Ni na fi son "ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare". Da miya kowa maciyi ne, sai gaya ya rage ake gane na gaske. Ali ya jingina da igiya, ya tare fuska da hannuwa, ya bar Foreman yana ta dukan da ke cinye ƙarfinsa. In za ku sake kallo, ku lura da hannuwan Foreman daga turmi na 6, yadda naushin ke fita a hankali kamar mai daka da ya gaji da taɓarya.