Tsakanin Starlet da Yaris, ga abin da hannuna ya gani

Ajiye sifanar nan, ka goge hannunka, ka jawo benci nan ƙarƙashin dogon yaro. Da safe, lokacin da malamin makarantar nan ya kawo Yaris ɗinsa, ka ce mini: "Maigida, wai gaskiya ne ƙananan motocin yanzu kwali ne, na da su ne ƙarfe? In mutum yana da kuɗin guda ɗaya, wacce za ka ce ya saya?" Ban amsa maka ba saboda mai mota yana tsaye, kuma magana ce da ba a yin ta a tsaitsaye. Yanzu da rana ta yi sanyi, saurara.

Ni a kan Peugeot 504 na koyi aiki, kuma har gobe ina ƙaunarta. A 1968 ta fito a Faransa, aka yi ta harhaɗa ta a Kaduna har 2006, shi ya sa kayanta suka cika Katsina da Maraɗi kamar gyaɗa a kaka. Wata shekara famfon mai ya mutu mana a hanyar Dakoro, ba gari gaba ba gari baya. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya ɗaura jarka a kan rufi, ya zura tiyo har cikin karbirato, mai ya riƙa gangarowa da kansa, muka iso gida kafin isha'i. Irin wannan ne ke sa dattawa su ce motar da ita ce mota. Gaskiyarsu, amma rabin magana ce. Karbirato ba ya son komai sai mai ya iso bakinsa. Injin yanzu sai an turo masa mai da ƙarfi, wajen bar 3, kafin injekta ta fesa shi kamar hazo. Ko ka ɗaura jarkar a kan hasumiyar masallaci ba za ta tashi ba.

To amma 504 babba ce, kuma tana shan mai. Tambayarka a kan ƙanana take, don haka mu ɗauki Starlet, wadda ta daɗe tana aikin taksi a Yamai, mu ajiye ta kusa da Yaris. Uwa da ƴa ne. Toyota ta daina ƙera waccan Starlet ɗin a 1999, a shekarar kuma Yaris ta gaje ta. Tsohuwar mai inji 2E lita 1.3 ce, silinda huɗu, da karbirato da bel na roba da ake canzawa. Yaris ɗin da ke gabanka lita 1.0 ce, silinda uku kacal, amma tana ba da ƙarfin doki kusan 70, wato ta kusa kamo uwarta da ƙaramin ciki. Sarƙa gare ta a madadin bel. Da sanyin Janairu ka murɗa makulli sau ɗaya ta tashi, ba jan cok, ba taka totur. Wanda ya ce maka injin nan kwali ne bai taɓa buɗe shi ba.

Mutane kan yi mamaki da suka ga bambancin shan mai bai kai yadda aka zuzuta musu ba. Dalilin nauyi ne. Starlet ta farkon shekarun 1990 ba ta kai kilo 900 ba, Yaris ta bayan 2011 kuwa tana wajen tan guda. Ƙarin nan ƙarfen kariya ne cikin ƙofofi da ginshiƙai, da jakar iska, da na'urar sanyi, da birki mai ABS. Abin da injin ya tara na tattali, gangar jiki ta cinye wani kaso. Riƙe maganar nauyin nan, zan dawo kanta.

Abin da nake so ya zauna maka a kai shi ne wanga: yawancin sababbin motocin da ke mutuwa a garin nan, mu ne muke kashe su da hannunmu, saboda muna yi musu aikin da muka saba yi wa tsofaffi. Dubi ta malamin nan. Kukansa shi ne tana shan mai, kuma ƴar fitilar nan da ke nuna inji bai ɗumama ba tana daɗewa ba ta mutu ba. Ka ga bujin da ka kwance, wanda mutanen Katsina ke ce wa fulogi, baƙi ƙirin da toka kamar gindin tukunya. Na sa hannu a babban tiyon lagireto minti biyu bayan an tayar da ita, na ji ruwa ya riga ya fara zagayawa. Wani ya cire mata kalorsta, ɗan bawul ɗin nan da ke hana ruwa zagayawa lagireto sai inji ya ɗumama. Al'adarmu ce tun da: mota ta iso daga Kwatano ko Lome, sai a ce wannan abin na ƙasar ƙanƙara ne, a fizge shi a jefar. A kan karbirato ɓarnar ba ta fitowa da wuri. A kan wannan kuwa akwai sansa da ke gaya wa ƙwaƙwalwar mota zafin ruwa. Muddin ta ji ruwa da sanyi, sai ta ɗauka har yanzu asuba ce, ta yi ta ƙara mai. Man da bai ƙone ba ya wanke bangon silinda, ya gangara cikin baƙin mai ya tsinka shi. Bawan Allah yana biyan kuɗin esans a banza, injinsa kuma yana cin kansa a hankali, duk saboda ɗan ƙarfen da bai fi murfin kwalba biyu ba.

Haka batun ruwa. Tsohon inji mai gangar baƙin ƙarfe kan jure ruwan rijiya shekara da shekaru. Na yanzu alminiyam ne sama da ƙasa, lagireton ma bakinsa roba ne, hanyoyin ruwan sirara. Ruwan pampo yana barin farar ƙasa a ciki. Ranar da ta toshe, zafi ɗaya ya isa ya lanƙwasa kulas, wato kan inji, kuma motar ba ta da allurar zafi da za ka ga tana hawa, sai dai jar fitila ta kama lokacin da aski ya zo gaban goshi. Ka riƙa gaya wa masu mota: jar fitilar nan in ta kama, a tsaya nan take, ko a tsakiyar kasuwa ne.

Baƙin mai kuma, ka daina ɗauko 20W-50 don kawai shi ne a kusa. Injin VVT-i da matsin mai yake juya lokacin buɗe bawul, ta wata hanya mai ɗan rariya da ba ta kai farcenka ba. Mai kauri ko mai datti yana toshe ta. Abin da aka rubuta a murfi ko a littafin motar, irin 5W-30, shi za ka zuba, kuma da ƙurar da muke sha daga Nuwamba zuwa Maris gara a yi juye da wuri.

Akwai wanda ni kaina na yi, kuma ina faɗa maka ne don kada ka maimaita. Farkon shigowar masu injekta, an kawo mini wata da batir ba ya caji. Na yi abin da aka koya mini: inji na aiki, na cire kan batir in ga ko za ta mutu. Ta mutu, ba ta sake tashi ba. Wutar altarnato ta yi tsalle ta ƙone ƙwaƙwalwar. Mai motar ɗan kasuwa ne mai iyali, sati uku yana hawa kabu-kabu kafin a samo wata daga Kano, kuma daga aljihuna na biya, don haƙƙinsa ne. Tun ranar na sayi mita. Inji na aiki, ka ɗora ta a kan batir, in ka ga wajen bolt 14 caji lafiya lau. Aikin minti ɗaya ne. Haka in za a kai mota wajen mai walda, ka cire batir da hannunka kafin ta bar garajin nan.

Man kwalba na bakin hanya, ruwa-ruwa, shi ma ka san shi. Ba duka ne mugu ba, amma jarkar da aka ɗauko shi da ita wa ya wanke ta? Karbirato in ya sha datti, ka kwance, ka hura, ka mayar, rabin awa. Famfon sabuwa yana cikin tanki ne, man da yake ninƙaya a ciki shi ke sanyaya shi. Mai zuba lita biyu-biyu yana yawo da tanki a bushe, famfonsa ba ya daɗewa. Tun da matatar Zinder ta fara aiki a 2011 samun man gidan mai ya yi sauƙi, ka ba su shawara su riƙa sha can, kuma kada allura ta sauka ƙasa da kwata.

Yanzu maganar nauyi. Shekarun baya an jawo mini motoci biyu cikin wata guda, dukansu daga hanyar Gidan Rumji. Ta farko tsohuwar ƙarama ce. Daga waje sai ka ce ba ta ji jiki sosai ba, amma da na leƙa ciki, sitiyari ya taso har inda ƙirjin direba yake, feda sun haɗe da kujera, takalminsa ɗaya na maƙale a ƙarƙashi. Bai kai asibiti ba. Ta biyu sabuwa ce, gabanta ya murƙushe kamar gwangwanin madara da aka taka, ƴan kallo suna ta cewa ka ga kwali. Na ja ƙofar direba, ta buɗe da hannu ɗaya. Mai ita da ƙafarsa ya zo ɗaukar takardunsa, da ɗan bandeji a goshi. Da gangan aka yi gaban nan ya naɗe, don ya shanye bugun kafin ya iso ga mutum, ɗakin zama kuma aka ƙarfafa shi. Ajali na Allah ne, amma tun ranar ban sake yarda an zagi mota a gabana don gabanta ya lotsa ba. Sai dai jakar iska ba ta aiki ita kaɗai, in ba a ɗaura bel ba ita ma tana iya raunata mutum.

Inda tsohuwa ta fi, ba na ɓoyewa. Sabuwa ƙasa-ƙasa take, bambarta roba ce, in damina ta yanke titunan unguwa ko ka shiga yashin hanyar ƙauye za ka ji cikinta na gurzar ƙasa. Makullinta yana da ɗan guntu a ciki wanda ƙwaƙwalwa ke ganewa, in ya ɓata ba maƙeri ne zai yanka maka wani ba. Sau da yawa kuma kafin ta iso hannun mai saye an riga an fasa tukunyar salansa an kwashe abin tace hayaƙi, saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa irin su falatinam, sai fitilar inji ta zauna a kunne.

Saboda haka in mutumin ƙauye ne, can bayan Mayahi, inda ba mai na'ura sai ya yi tafiyar yini, zan ce ya nemi tsohuwa mai lafiyar gindi, ya yi tafiya a hankali. In kuwa ɗan gari ne mai ɗaukar iyali zuwa Zinder ko Yamai a kan kwalta, sabuwa zan ce, ko da kuɗin gyaranta ya fi, da sharaɗin zai ba ta mai da ruwan da take so. Ɗana na cikina ma abin da zan gaya masa ke nan.

Tashi ka ɗauko baliz, na'urar nan da ke karanta ƙwaƙwalwar mota, a cikin akwati. Ka durƙusa ƙarƙashin sitiyarin Yaris ɗin, za ka ga wani soket mai ramuka 16, tun 2001 duk mai esans da aka sayar a Turai tana da shi. Ka jona, ka nemo zafin ruwa, ka rubuta abin da ka gani a takarda. Sannan ka karɓo sabon kalorsta a shago, kafin ka ɗaura ka jefa shi cikin ruwan zafi a butar shayi, ka tsaya a kai. Wajen digiri 82 ya kamata ya fara buɗe baki. In ka ga ya buɗe, ka kira ni in duba kafin ka ɗaure kusoshi.