Rarar kuɗin tallafin karatu a Amurka: zan iya biyan haya da cefane da ita?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar shekarar farko a wata kwalejin shekara biyu a jihar Ohayo, ina zaune da mahaifiyata da ƙannena biyu. Na cike FAFSA, takardar neman tallafin karatu na gwamnatin tarayya, an ba ni tallafinta na Pell cikakke, na kuma karɓi duk bashin gwamnati da aka yi mini tayi. Da makaranta ta cire kuɗinta na wannan zango, dala 2,400, sai ga kusan dala 4,000 a asusuna na banki. Mama ce kaɗai ke aiki, haya kuma tana neman fin ƙarfinta. Ƙawata ta ce laifi ne in taɓa kuɗin in ba littattafai zan saya ba, wani ɗan'uwanmu kuma ya ce in sayi mota. Ina gaskiyar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba da sa'ar karatu, ya kuma saka wa Mama da alheri.

Ki kwantar da hankalinki, ƙawarki ba ta fahimci dokar ba. Kowace kwaleji da ke raba tallafin gwamnatin tarayya tana fitar da ƙiyasin abin da ɗalibi zai kashe a shekara, kuma ba kuɗin makaranta kaɗai ke ciki ba. Akwai muhalli, abinci, littattafai, sufuri, ƙananan buƙatun yau da kullum, har da kuɗin reno ga mai yara. Ɗalibin da ke zaune gidan iyayensa ma yana da kasonsa na muhalli da abinci, sai dai yawanci bai kai na mai kama haya shi kaɗai ba. Don haka makaranta ba kuskure ta yi ba da ta turo miki rarar. Doka ce ta tilasta mata ta miƙa miki cikin kwana 14. In kika ba Mama kasonki na haya da wuta, kika yi cefane, kika sayi katin bas, kin kashe kuɗin a inda aka tanade shi. Mota kuwa daban ce. Kason sufuri ya ƙunshi mai da gyara da kuɗin bas, amma sayen motar kanta ba ya ciki. Haka nan aika kuɗin ga dangi ko jari a kasuwanci. Babu mai zuwa ya duba rasit ɗinki kowane wata, amma ranar da kika sa hannu a FAFSA da takardar yarjejeniyar bashi kin ɗauki alkawarin kashe shi a kan karatu da abin da zai riƙe ki kina karatun, alkawari kuwa abin cikawa ne ko da ba mai gani.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki ba halaccin ba ne. Kin ce dala 4,000 kamar kuɗi ɗaya ne, alhali kuɗi biyu ne aka zuba a asusu guda, kuma mafi yawansu bashi ne.

Mu yi lissafin tare. Pell mafi girma a shekarar karatu ta 2025 zuwa 2026 dala 7,395 ne, wato kusan 3,697 a kowane zango. Cire 2,400 na makaranta, saura kusan 1,300. Wannan kyauta ce, ba a biya. Ɗalibin shekarar farko da ke ƙarƙashin iyaye kuma iyakar bashinsa dala 5,500 ne a shekara, 2,750 a zango, ana ɗan yanke ladan bayarwa sama da kashi 1 cikin 100 kafin ya iso. Ke nan kusan dala 2,700 na abin da kike gani a wayarki za ki mayar da su wata rana, da ruwansu.

Bashin ma kashi biyu ne. Direct Subsidized, wanda ba ya wuce 3,500 a shekarar farko, gwamnati ce ke ɗauke kuɗin ruwansa muddin kina karatu aƙalla rabin lokaci, da wata shida bayan kin gama. Direct Unsubsidized kuwa tun ranar da aka sake shi ruwa ya fara taruwa, kashi 6.39 cikin 100 ga bashin da aka bayar a shekarar karatu ta 2025 zuwa 2026. Ki shiga shafinki na studentaid.gov ki ga nawa ne kowanne. In kin zauna kin ga za ki iya kai ƙarshen zango ba tare da na biyun ba, ki mayar da shi cikin kwana 120 daga ranar da aka sake shi, za a soke ruwan da ladan da ke kan abin da kika mayar. Ɗalibai da yawa ba su san da wannan ƙofa ba. Wanda batun riba ke damunsa ma nan ya kamata ya fara dubawa. Ba ina cewa ki mayar da kuɗin da za ki ci abinci da shi ba. Ɗalibar da yunwa ko ƙarin awannin aiki suka kora daga aji ta fi asara. Ina cewa ki ranci abin da kike buƙata, ba duk abin da aka miƙo ba.

Sai maganar lokaci. Kuɗin da ya shigo a watan Satumba ba za a sake wani ba sai an koma zango na biyu a Janairu, wani lokaci ma sai an ci makonni da komawa. Wata biyar ke nan, ba huɗu ba. Dala 4,000 a raba biyar, 800 ke nan a wata. Ki buɗe asusun ajiya daban, ki zuba duka a can, ranar ɗaya ga wata ki turo wa kanki 800 kamar albashi. Ki zauna da Mama ku yanke adadin da za ki riƙa bayarwa na haya, a san shi tun yanzu. Kuɗi in ya shigo gida a dunƙule, kowace buƙata sai ta taso a makon farko, watan Disamba kuma a rasa na bas ana tsakiyar jarrabawa.

Yanzu ga tarkon da ya fi kama ɗalibai marasa ƙarfi, kuma shi nake so ki riƙe da kyau. Tallafin nan an ba ki shi ne tun kafin ki yi karatun da ya cancance shi. Kowace rana da kika halarta kina cin wani kaso, sai kin wuce kashi 60 cikin 100 na zangon ne duka ya zama naki. A zango mai mako 16, wajen mako na 10 ke nan. In kika janye daga duk darussa a mako na 5, ofis zai lissafa cewa kusan kashi ɗaya cikin uku kawai kika ci, makaranta ta mayar wa gwamnati nata kason, sannan ta juyo ta rubuta miki bashi, ta kuma iya hana ki rajistar zango na gaba sai kin biya. Kuɗin kuwa ya riga ya tafi a haya. Ɓacewa ba tare da sanarwa ba bai tsirar da kowa. Za a gano, a yi lissafin a bayan idonki. Ajiye darasi ɗaya ma yana iya taɓa Pell, domin ana auna shi da yawan kiredit, wato ma'aunin nauyin darussan da kika ɗauka, cikakke sai kiredit 12. Ƙari ga haka akwai sharaɗin ci gaban karatu: yawancin makarantu suna neman matsakaicin maki 2.0 da cinye kusan kashi 67 cikin 100 na darussan da aka yi wa rajista. Pell ɗin kuma ba ya wuce kwatankwacin zango 12 na cikakken karatu a rayuwar mutum. Duk ranar da abu ya yi tsanani har kika fara tunanin ajiye darasi, ki taka zuwa ofishin tallafin ɗalibai ki tambaye su abin da zai biyo baya kafin ki danna komai.

Haraji a taƙaice: kyautar da ta tafi a kuɗin makaranta da littattafan dole babu haraji a kanta, wadda ta tafi a haya da abinci kuwa hukumar haraji ta IRS tana ɗaukarta kuɗin shiga. Bashi ba kuɗin shiga ba ne. Mai ƙaramin samu sau da yawa ba ya biyan komai, amma ki ajiye takardar 1098-T, wadda makaranta ke bayarwa kan kuɗin karatu, da rasit ɗin littattafai don lokacin cike takardun haraji.

In 800 ba ta isa ba, kafin ki waiwayi bashin banki mai tsadar ruwa, ki tambayi ofishin ko akwai sauran gurbi a shirin aikin ɗalibai na gwamnatin tarayya, wanda ake biya kamar albashi, ko tallafin FSEOG, wata kyautar gwamnatin tarayya da kan kai daga dala 100 zuwa 4,000, ko asusun gaggawa da rumbun abinci da kwalejoji da yawa ke da su. In kuma aikin Mama ya ragu bayan shekarar harajin da FAFSA ta duba, ki kai musu takardun albashinta na yanzu. Doka ta ba jami'in tallafi ikon sake duba lissafinki saboda sauyin hali, amma sai kin nema a rubuce.